Tallafin Ƙasashen Waje da Tushen Talauci: Nazari a Kan Ƙasar Rano da Kibiya

Tsakure

Wannan takarda ta duba abin da tallafi da rancen ƙasashen waje suka yi a ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da maƙwabtansu a kudancin Jihar Kano, tun daga gina madatsar ruwa ta Tiga zuwa rufe hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, a 2025. An dogara da ayyukan masana tarihi da tattalin arziki, da alƙaluman hukumomi, da abin da ido ke gani a gonaki da kasuwannin yankin. Takardar ta gano cewa tallafi ya yi nasara a inda cuta ɗaya ce kuma maganinta sananne ne, ya kuma ƙara yawan amfanin gona. Sai dai bai taɓa yadda manomi yake saye da sayarwa da cin bashi ba, alhali a nan ne talaucinsa yake sabuntawa duk shekara. Daga ƙarshe an kawo shawarwari huɗu.

1.0 Gabatarwa

Ranar 20 ga Janairu, 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin da ƙasarsa ke bayarwa a waje na tsawon kwana 90. Ranar 1 ga Yuli aka rufe hukumar USAID baki ɗaya. A watan Fabrairun shekarar, Birtaniya ma ta sanar da cewa nan da 2027 za ta rage nata tallafin daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigarta. Tun 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da kashi 0.7 a matsayin abin da ya kamata ƙasashe masu arziki su riƙa bayarwa, amma a 2024 abin da ƙasashen ƙungiyar OECD suka bayar gaba ɗaya dala biliyan 212 ne, wato kashi 0.33. Bai kai rabin alkawari ba.

Da labarin ya iso Nijeriya hankali ya tashi, musamman a fannin lafiya, har aka ware dala miliyan 200 a kasafin 2025 don cike giɓin. Tashin hankalin yana da dalili, domin akwai marasa lafiyar da rayuwarsu ta rataya a kan maganin da tallafin ke samarwa. Amma lokaci ya yi da za a yi tambayar da aka daɗe ana kauce mata: shekara hamsin ana shigo da kuɗi, me ya hana talauci gushewa? Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama. A karkara adadin ya kai kashi 72. Jihar Kano ita kaɗai tana da fiye da mutum miliyan 10 daga cikinsu.

An zaɓi Rano da Kibiya ne saboda da wuya a sami yankin karkara a Arewa da ya ga ayyukan raya ƙasa kamar kudancin Kano. Tiga tana bakin ƙofa, filayen noman rani na Kadawa suna kusa, kuma a garin Rano hedikwatar shiyya ta ɗaya ta hukumar raya noma da karkara ta jiha, KNARDA, take. A ƙidayar 2006 Rano tana da mutum kimanin 145,000, Kibiya kuma kimanin 137,000, mafi yawansu manoma.

2.0 Waiwaye a Kan Muhawarar Masana

Masana sun rabu gida uku a kan wannan batu. Jeffrey Sachs (2005) yana ganin matalauta sun faɗa tarko ne, ba za su fita ba sai an zuba musu jari mai yawa daga waje a lokaci guda. William Easterly (2006) da Dambisa Moyo (2009) suna ganin tallafin ne da kansa yake lalata al'amari, domin ana tsara shi daga sama, kuma yana sa gwamnatoci su riƙa sauraron mai bayarwa fiye da talakawansu. Gida na uku, irin su Walter Rodney (1972) da Yusufu Bala Usman (1986), sun ce a duba tarihi da tsarin cinikin duniya. Bala Usman ya dage cewa mafita ita ce gina kasuwar cikin gida.

Akwai kuma waɗanda suka zauna a ƙauyukanmu suka ƙirga dami da tiya. Polly Hill ta yi aiki a Ɓatagarawa (1972) da Dorayi (1977), inda ta nuna akwai magidantan da talauci ya hana su noma gonarsu, saboda dole su yi wa wasu ƙwadago a daidai lokacin da tasu ke neman hannu. Michael Watts (1983) ya bi tarihin yunwa a ƙasar Hausa ya danganta ta da haraji da bashi da kasuwa. Wannan ya yi daidai da abin da Amartya Sen (1981) ya nuna, cewa yunwa tana iya kama mutane hatsi na jibge a kasuwa, idan ba su da abin saye. Wannan takarda ta bi sawun waɗannan na ƙarshe.

3.0 Ƙasar Rano Kafin Zuwan Tallafi

A tarihin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba. Laƙabin yana nuni da abin da ƙasar ta shahara da shi: auduga, kaɗi, saƙa, rini da bugu. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa duk shekara sun kai na wuri miliyan 300. Philip Shea (1975) ya nuna cewa babban kaso na wannan aiki a garuruwa da ƙauyukan karkara ake yin sa, musamman na kudu da birnin, irin su Kura. Ke nan magidanci yana da hanyar samu biyu: da damina gona, da rani masaƙa ko marina ko fatauci. Matar gida tana da mazarinta da kuɗin zarenta.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 aka tilasta biyan haraji da kuɗin Bature. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta zama abin da ke kawo kuɗin harajin, yadin Ingila da baban kanti kuma suka riƙa cin kasuwar masaƙa da marina. Daga 1949 hukumar sayen gyaɗa ce ke yanka farashi, tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, rarar kuma ta tafi ga gwamnati da birane. Dalar gyaɗar da ake alfahari da ita gumin ƙauye ne da aka tara a birni. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka kawo ƙarshen wannan zamani. A 1986 shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya rushe hukumomin sayen amfanin gona ya karya darajar naira, daga baya masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa, auduga ta rasa mai saye.

Abin lura shi ne, kafin a ba ƙasar Rano ko sisin tallafi, an riga an raba ta da sana'ar rani, an kuma ɗaure ribar damina da farashin da wani ke yankawa a wani wuri.

4.0 Ayyukan da Aka Yi da Kuɗi da Shawarar Waje

4.1 Tiga da Noman Rani na Kogin Kano

An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Kuɗin ginin na gida ne, amma binciken farko masanan Amurka ne suka yi shi, zanen filayen ban ruwa kuma kamfanin NEDECO na ƙasar Holan. Kashin farko an tsara shi a kan hekta 22,000, amma shekaru da dama abin da ake nomawa bai wuce kimanin 15,000 ba. Babu mai musun cewa Kura da Garun Malam da Bunkure sun zama cibiyar shinkafa da tumatir saboda wannan ruwa.

Sai dai Tina Wallace, wadda ta yi bincike a filayen a ƙarshen shekarun 1970, ta ga cewa noman ban ruwa yana neman kuɗi a hannu: na tarakta, na taki, na iri, na ruwa, na 'yan ƙwadago. Ƙaramin manomi da ba shi da su sai ya ba da hayar filinsa ga 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, shi kuma ya koma lebura a kai. Gunilla Andrae da Björn Beckman (1985) sun nuna yadda aka matsa a noma alkama don burodin birni, a ƙasar da abincinta dawa da gero ne. Dubban mutanen da tafkin ya cinye gonakinsu an tashe su. A ƙasa kuma, a fadamun Haɗejiya da Nguru, ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka dogara da ita ta ragu, har binciken Barbier da Thompson (1998) ya nuna asarar da aka yi can ta fi ribar ban ruwan da aka samu a nan. Manomin Kibiya kuwa, a Tarai ko Durba ko Fammar, har yau ginshiƙin nomansa ruwan sama ne.

4.2 KNARDA da Magadanta

A 1981 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 142 don shirin raya noma na Jihar Kano, bayan gwajin da aka yi a Funtuwa da Gusau da Gombe. Daga nan KNARDA da kamfanin samar da kayan noma na KASCO suka samo asali. An yi hanyoyin karkara, an haƙa rijiyoyi, an baza malaman gona, an raba taki da iri. Abin da ya fi kama ƙasa a cikinsu shi ne mafi ƙanƙanta: 'yar rijiyar fadama da ƙaramin injin ban ruwa, wanda manomi ke iya saye ya gyara da kansa. Nasararsa ce ta haifar da shirin Fadama na ƙasa a farkon shekarun 1990. Sauran kuwa, da rance ya ƙare, motoci suka tsaya, malaman gona suka ragu, hanyoyi suka zaizaye.

Bayan haka shirye-shirye sun yi ta zuwa: TRIMING a 2014 da dala miliyan 495 don gyara madatsu da magudanan ruwa a Arewa, ciki har da na Kogin Kano, shirin noma na APPEALS a 2017, sai KSADP na dala miliyan 95 daga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da abokan aikinsa. Abubuwa biyu ya kamata a riƙe. Na farko, mafi yawan kuɗin nan bashi ne mai sauƙin ruwa, kodayake a rediyo tallafi ake ce masa, kuma 'ya'yan manomin ne za su biya. Na biyu, babban ɓangaren TRIMING gyaran abin da aka gina a shekarun 1970 ne, wanda rashin kulawa ya lalata. An ci bashi an gyara abin da kasafin shekara-shekara ya kamata ya riƙe.

4.3 Inda Tallafi Ya Ci Nasara

Adalci ne a faɗi inda aka yi dace. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Da taimakon Cibiyar Carter da jagorancin Janar Yakubu Gowon, an ga na ƙarshe a 2008, aka tabbatar da kawar da cutar a 2013. Shan inna ma haka. Bayan dakatar da rigakafi a Kano a 2003 da dawo da shi a 2004, yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a jihar a Sumaila yake, nan kudancin Kano, a watan Yulin 2014. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Dalilan nasarar a fili suke. Cuta ɗaya ce, maganinta sananne, ana iya ƙirga sakamako, kuma babu wanda ke cin riba da wanzuwarta. An kuma saka sarakuna da hakimai da dagatai da malamai a ciki. Yarjejeniyar da Gwamnatin Kano ta ƙulla da gidauniyar Gates da ta Ɗangote a 2012 kan rigakafin yau da kullum ta tanadi cewa kason jiha zai riƙa ƙaruwa duk shekara har ta ɗauki nauyin gaba ɗaya. Talauci kuwa ya sha bamban da shan inna ta wuri ɗaya mai muhimmanci: akwai masu cin riba da shi.

5.0 Inda Talauci Yake Tsirowa

5.1 Tsakanin Bazara da Kaka

A ɗauki shekarar ƙaramin manomi a ƙasar Kibiya. Kafin ruwa ya sauka rumbunsa ya yi ƙasa. Yana bukatar taki, sai ya je wurin mai kuɗin gari ya karɓa bashi, da sharaɗin biya da buhu idan an yi girbi. Ruwa na zama, hatsin gida na ƙarewa. Da safe sai ya tafi ƙwadago gonar wani don ya auno tiyar da za a tuƙa da dare, tasa gonar sai da yamma, bayan ciyawa ta riga shi. Noman farko da ya makara da mako biyu ya riga ya rage damin da zai ɗaure. Da kaka kowa ya fito da kaya a lokaci guda, farashi ya faɗi, ga mai bashi a ƙofa, ga biki, ga kuɗin asibiti. Sai ya sayar. Ɗan kasuwa ya loda ya kai rumbunansa na Dawanau. Da bazara manomin nan zai dawo ya sayi dawar da hannunsa ya noma, tiya-tiya, da tsada. Idan ciwo ya shigo gida a tsakiyar haka, sai a jinginar da gona, samari kuma su tafi ci-rani.

Ingantaccen iri yana ƙara yawan buhuna, amma bai canza ranar da manomi zai sayar ba, bai canza wanda zai saya ba. Manomin tumatir ma haka yake. Duk wanda ya bi hanyar Zariya ta Kwanar Gafan lokacin da kaya suka yi yawa ya ga kwanduna jere ba mai tayawa, da tumatir yankakke a shanye a ƙasa. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa, tun daga shekarar farko da tsutsa ta cinye gonaki.

5.2 Kuɗin da Ke Fita

Tallafin da Nijeriya ke samu a shekara kusan kashi 1 ne cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Abin da 'yan ƙasa mazauna waje ke aiko wa danginsu, kimanin dala biliyan 20 a shekara, ya ninka shi sau da yawa. A ɗaya ɓangaren, kwamitin Thabo Mbeki ya bayyana a 2015 cewa Afirka tana asarar fiye da dala biliyan 50 duk shekara ta haramtattun hanyoyi, mafi yawa ta hannun manyan kamfanoni da ke ɓoye riba su guje wa haraji. A 2005 ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe wa Nijeriya dala biliyan 18, amma sai da ƙasar ta biya fiye da biliyan 12. Zuwa 2022 Bankin Duniya ya ce biyan bashi yana cinye fiye da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Su kuma ƙasashen da ke ba da tallafi suna tallafa wa nasu manoman, abin da ya sa Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi suka kai kukan audugarsu taron cinikin duniya na 2003.

Manufa ɗaya daga Abuja tana iya shafe aikin shekara biyar. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira a watan Yuni sun kai hauhawar farashi kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Manomin da aka ba injin ban ruwa kyauta, da fetur injin yake aiki.

5.3 Hukumar da Ba Ta Tsoron Talaka

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, a Maputo kuma a 2003 kashi 10 ga noma. Gwamnatin Tarayya ba ta cika ko ɗaya ba. Ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi kusa da manomi, sun daɗe kuɗinsu na maƙale a asusun haɗin gwiwa da jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a biya su kai tsaye. A irin wannan yanayi rahoton aiki sama yake tafiya, da Turanci, zuwa ga mai ba da kuɗi. Mutanen gari abin da ya rage musu shi ne allon sanarwa mai tsatsa a gefen rijiyar burtsatse da ta lalace, ba su san nawa aka kashe ba, ba su san wa za su tambaya ba.

6.0 Shawarwari

Na ɗaya, a karkatar da kuɗi zuwa ga kaka. A Jamhuriyar Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, ƙungiyoyin manoma suna ajiye hatsi a rumbun haɗin gwiwa mai kwaɗo biyu, su karɓi rance a kansa, su sayar idan farashi ya tashi. Ana iya yin haka a kowace mazaɓa ta Rano da Kibiya, bisa tsarin da ba ruwa a ciki, da haɗin kan Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha.

Na biyu, a dawo da sana'ar rani. Gumin shinkafa, matsar man gyaɗa, busar da tumatir da kiwo, waɗanda akasari a hannun mata suke, wutar lantarki da hanya da kasuwa suke bukata fiye da taron bita.

Na uku, kada a sa hannu a kan wani shiri sai an rubuta wanda zai ɗauki nauyinsa bayan tafiyar mai bayarwa, da layinsa a kasafin jiha, kamar yadda aka yi a yarjejeniyar rigakafi ta 2012.

Na huɗu, a riƙa bayyana wa jama'a da Hausa, a rediyo da sakatariyar ƙaramar hukuma da fadar hakimi, nawa aka karɓo, kyauta ne ko bashi, wa aka ba kwangila, yaushe za a gama.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa tallafin waje ya ceci rayuka a kudancin Kano, ya kuma ƙara amfanin gona, don haka yanke shi dare ɗaya cutarwa ce ga marasa ƙarfi. Ta kuma nuna cewa talaucin Rano da Kibiya ya samo asali ne daga mutuwar sana'ar rani, da bashin bazara, da arahar kaka, da dukiyar da ke fita, da hukumar da ba ta ba talaka bahasi. Babu ɗaya a cikin waɗannan da baƙo zai gyara mana, wasunsu ma da hannun ƙasashen masu bayarwa a ciki. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ana kira ga Gwamnatin Jihar Kano da shugabannin ƙananan hukumomin biyu da Masarautar Rano da masana na jami'o'inmu su zauna da ƙungiyoyin manoma kafin kaka mai zuwa, su fara da rumbun ajiya ko da ɗaya ne a kowace mazaɓa.